Kular da ke Hawa Lif Ita Kaɗai

Kular abinci Siddiƙu ya tarar a cikin lif, ita kaɗai a ƙasa, ba mai ita. Ya fito ne daga taron 'yan haya a hawa na bakwai, inda aka yi awa biyu ana cacar baki kan injin ruwa. Ƙasa zai yi, lif ɗin kuwa sama ya nufa, amma ya shiga. Ai dole ya shiga: kular gidansa ce, ga tsagar murfinta nan da ya sani.

A hawa na sha ɗaya ƙofa ta buɗe. Wani dogo mai cikar gemu yana tsaye yana jira. Ya sunkuya ya ɗauki kular, ya ga Siddiƙu, sai ya yi ƙasa da ido, ya gaishe shi a gurguje da harshen mutanen gida, ya shige ɗakinsa.

Ginin nan na Abuja hawa sha huɗu ne, gidaje sun haura ɗari, kuma sai ka shekara ba ka san sunan wanda kuke haɗa bango da shi ba. Abin da Siddiƙu ke so da wurin ke nan. Shi mutumin Wurno ne, direba a wata ma'aikata, ya ba hamsin baya. Shekara uku da suka wuce ya auri Laraba, bazawara 'yar Tursa da ta zo zama wurin yayanta, mace mai kyan jiki wadda ba wanda zai ce ta kai arba'in. Bai tona zamanta na baya ba, ita ma ba ta buɗe ba. Ya ajiye ta a hawa na huɗu, hankalinsa kwance, tunda ba mai ganinta.

Ashe akwai.

Mai gadi ya ba shi labari ba tare da ya sha wahala ba. Sunan mutumin Lawwali, ma'aikacin lantarki, ba shi da mata, wata huɗu ke nan da tarewarsa. Siddiƙu ya lissafa, ya ga wata huɗu ke nan da Laraba ta koma daka gero da kanta tana dama fura, ita da ta ce ƙugunta ya gaji da turmi.

Daga nan ya sa ido, idon kuwa ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Kullum da safe tana baranda tana shanyar da ba ta ƙarewa, har sai dogon ya fita ƙofar gini ya hau babur. Ran da suka haɗu su uku a lif, ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi har hanci. Laraba fa, wadda ke gaida kowa har matan da ba sa jin Hausa! Kishi ya ci Siddiƙu, ya hana shi cin tuwo, har ya fara taka burki a inda ba rami.

Sai ya yi mata gwaji. Ya kawo takardar sunayen 'yan kwamitin ruwa, ya ce tabaransa sun ɓata, ta karanta masa. Ta karanto Sa'adu, ta karanto Iliyasu, ta zo kan na uku, sunan Lawwali, sai ta ce, "Sai mai bi mashi," ta wuce na huɗu.

A iya saninsa suna ɗaya ne bakin Laraba ba ya kamawa, nasa, don shi Malam take ce masa. Ya kuma san dalilin da ke sa mace ta kasa faɗin sunan namiji.

Ranar Asabar da hantsi ya ritsa ta a bakin lif, kula a hannu.

"Wa na na wanga mutum gare ki? Hwaɗi sunanai in ji!"

Ta ajiye kular, ta rufe fuska da tafin hannu biyu.

"Malam, don Allah ka bari. Ba ni iyawa."

Sau uku ya tambaya, sau uku ta ba shi wannan amsa, hawaye na bin yatsunta. Ya shiga ɗaki, ya yagi takarda, ya rubuta abin da ya rubuta, ya damƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai.

Wuta ta ɗauke, lif ya tsaya. Bai jira janareto ba. Ya kama matakala, hawa bakwai cur, yana haki yana tsara maganar da zai yaɓa wa mutumin, har da wadda ba ta faɗuwa a gaban jama'a. Ya buga ƙofar da dunƙulallen hannu.

Lawwali ya buɗe. Da ya ga ko wane ne, ya cire hula, ya zube ƙasa kan gwiwoyinsa.

"Baba, ka gahwarce ni, ni ya kamata in taho in gaishe ka tun ran da nit tare. Ita ta aiko yayanta ya hana ni, wai ba ta iya haɗa ido da ni gabanka. Ka dai san matan Tursa da kunya. Tun da anka yaye ni anka kai ni ga kakata, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni na ɗanta na hwari."