Wayar da Ba Ta Juyawa Hagu

Kai da ka zo kana cewa an kwashe maka aiki, har kana neman naɗe tabarmarka ka bar fage, gyara zama ka ji abin da ya faru da wata mai ɗinki a Gusau, Shafa'atu sunanta. Da rana tana kan keken ɗinki. In ta tashi da la'asar sai ta ɗauki waya ta shiga wasan yaƙin nan da ake zuba mutum ɗari a tsibiri, a yi ta ɓarin wuta har ya rage saura ɗaya. Tana naɗar wasan, ta ɗora bayani da muryarta, ta saka a tasharta ta intanet. Wayar kuwa, Allah sarki, ta taɓa faɗowa daga kan keken, gilashin ya tsage, wani gefe ya mutu murus. Duk yadda ta ja yatsa, sojanta ba ya juyawa hagu. In abokin gaba ya ɓullo ta hagu, sai dai ta kewayo ta dama, ta yi kusan zagaye guda kafin ta fuskance shi. Wata shida ana kashe ta a haka kamar kaza. Da hannu ya faɗa, sai ta koyi sakin wuta tana cikin juyawar, ya zamana ba mai iya tsayawa gabanta.

To, akwai wani Nafi'u mai mabiya dubu ɗari huɗu, ga kujera mai lilo, ga fitilu kala-kala, ga baki kamar rediyo, amma hannu ba labari. Shi ne ya riƙa sauke bidiyonta, ya yanke muryarta, ya rufe sunanta da hotonsa, ya ɗora ihunsa a kai. Mabiyansa suka haukace da wannan kewayen, har suka raɗa masa suna juyin Nafi'u. In an tambaye shi sirrin, sai ya gyara wuyan riga ya ce ai shekara biyu ya yi yana nazarinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan! Shafa'atu ta aika masa saƙo cikin mutunci, ta ce ko sunanta ya riƙa ambata. Maimakon ya ji kunya, sai ya garzaya wurin masu dandalin da tasharta take ya kai ƙara, wai ita ce ke satar aikinsa. Ka ji ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Aka aiko mata da gargaɗi cewa nan da kwana goma za a rufe tashar da ta yi shekara uku tana ginawa, sai fa in ta kawo hujja ko mai ƙara ya janye. Shi kuma ya aiko da sharaɗinsa: ta fito ta ba shi haƙuri a bainar jama'a, daga nan ta riƙa buga wasa tana tura masa, shi yana yin magana.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ɗinkin ranar sai da ta warware shi. Yayanta ya ce ta yi haƙuri ta bi a hankali, mai mabiya ɗari tara ba ta ja da mai dubu ɗari huɗu. Ta ce, "Yaya, a sace min kaya kuma in durƙusa in ba ɓarawo haƙuri? Wallahi gara a rufe tashar." Ta jingina wayar maƙwabciyarta a kan keke, ta ɗauki bidiyon hannayenta da tsagaggen gilashin nan, ta ja yatsa hagu sau goma, soja ya ƙi motsi. Ta ce wa duniya ga inda juyin ya samo asali. In Nafi'u ne mai shi, ya fito ranar Asabar su buga kai-tsaye, kowa a ga yatsunsa.

Ya so ya yi kunnen uwar shegu, amma mabiyansa ne da kansu suka tasa shi gaba, suna cewa ya fito ya koya wa mai ɗinki hankali. Ya kwashe kwana biyar yana atisaye da wayarsa sabuwa dal, kuma in ba kowa a fili yana kewayowa ta dama tsaf. Sai dai ranar Asabar, da harsashin farko ya taso masa ta hagu, yatsa bai tsaya shawara da shi ba, ya tafi hagu kamar na kowa. Aka sake, ya sake zuwa hagu. A karo na uku ya tuna, ya cije ya kewayo ta dama, kafin ya gama zagayen Shafa'atu ta kwantar da shi. Mutum dubu sittin suna kallo. Kafin la'asar ya janye ƙararsa, kafin mako ya zagayo ya goge bidiyo tamanin da hannunsa.

Ka ga, ya ɗauki juyin, amma wata shidan nan da ta yi ana kashe ta ba a iya sauke shi daga intanet. Saboda haka tashi ka koma bakin aikinka, ka bar mai kwafa ya yi ta yafa abin da ba nasa ba. Iska za ta taso masa ta hagu wata rana, a nan zai gane cewa zanen aro ba ya rufe katara.