Ɗan Ɗakin Mai Gyaran Agogo

Kai da kake rantsuwa babu abin da ke gudana a gidanka da ba ka sani ba, gyara zama ka ji labarin wani mai gyaran agogo. Tsoho ne mai sanyin hannu. Da wayar salula ta kashe masa kasuwa, kowa ya koma duba lokaci a aljihunsa, sai ya tattara 'yan hantsakansa da gilashinsa na ido ɗaya ya dawo gida. To, hannun da ya saba da aiki ba ya zama haka nan. Sai ya ɓullo da wata sabga, gina 'yan ƙananan ɗakuna a kan katako, waɗanda ko ɗan tsako ba zai iya juyi a ciki ba. Ya kwaɓa laka ya ja bango, ya jera tsinken tsintsiya a madadin azara, ya lanƙwasa waya ta zama gadon ƙarfe mai rumfa, kwalin ashana ya zama akwati, murfin kwalbar lemo ya zama tasa. Abokansa na majalisa suka sa shi gaba da tsiya, wai tsufa ya mayar da shi wasan 'yar tsana, shi kuwa ko a jikinsa.

Ana nan sai ya ƙudura gina ɗakin da ya fi kowanne a zuciyarsa, wato ɗakin soron da aka kai masa matarsa tana amarya, wanda tuni titi ya bi ta kansa, ko tubali ɗaya bai rage ba. Dalili kuwa, uwargidan ta sha yi masa gori cewa shi bai san zaman da ta yi a ɗakin nan ba, barci kawai yake zuwa yi. Maganar tana yi masa ciwo ƙwarai. Ya ci alwashin sai ya nuna mata ko ƙusar da ke bango bai manta ba, so yake kawai ta ɗora ido ta ce wannan ɗakina ne, gorin ya ƙare. Ya shige zaure ya hana kowa leƙe, damina guda yana abu ɗaya. Ya yi jeren kwanuka, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ya saci tsohon zanenta a adaka ya yanka labule. Ya saƙa tabarma da siraran kaba, ya gina randa kamar ƙwayar goro har da ɗan moɗanta. Gado ya jingina shi tsaf da bango, rufi kuwa ya yaɓe shi sumul, ya yi shi mai ɗaguwa don a ga ciki. Maganar gaskiya aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Ranar nunawa ya lulluɓe shi da ƙyalle, ya nufi tsakar gida yana taku kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai, ya ajiye a gabanta ya yaye. Uwargida ta leƙa ta ƙofa, ta ɗaga rufi ta duba, ta yaba hannu, ta sa albarka, da ta gane zanenta ma har harara ya sha. Sannan ta tambaye shi, tsakaninta da Allah, wai ɗakin wace mai sa'a ce wannan. Kunya ta kama shi, haushi ya biyo baya, ya shiga nuna mata da yatsa, ga gadonta, ga jerenta, ga randarta, to me kuma ya rage? Ta ɗauki rufin, ta zaro tsinken da take tsifar kai da shi, ta caka ta huda shi fes. Saura ƙiris tsoho ya kurma ihu, aikin damina guda fa! Ta sa yatsa ta ture gadon ya karkace, kai a kusurwa ƙafa a tsakar ɗaki, ta ciro tasa ɗaya daga jeren ta ɗora a gefen katifa ta wajen bango, ta mayar da rufi, huda ta faɗo daidai kan tasar. "Yauwa, Malam," in ji ta, "yanzu ya zama ɗakina."

Ashe ɗakin nan yoyo yake yi tun daminarsu ta farko. Da ta ga hadari ya haɗo, kafin ya dawo daga kasuwa sai ta karkata gado, ta bar masa gefen da ruwa ba ya taɓawa, ita ta kwanta a takure da tasa a gefenta tana tarar ɗigo, gogan naka kuwa yana ta munshari abinsa. Karkacewar gadon ya tuna da ita sarai, sai dai ya ɗauka ƙuruciya ce da rashin iya gyaran ɗaki, shi ya sa ya rufa mata asiri ya miƙe shi a ɗan ɗakin da ya gina. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa, ta ce a lokacin da ƙyar yake ciyar da su, faɗar ba za ta ƙara masa komai ba sai damuwa. Tausayinta ya cika tsoho, idonsa ya ciko da ƙwalla, ita kuwa dariya take har da riƙe ciki. Bai toshe hudar ba, kuma daga ranar bai sake musa mata maganar ɗakin nan ba. Ai dama Bahaushe ya riga ya gama magana: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.