Aljanun Tafkin Kalanda

"Aljanu ne suka gina ta!" na ce, ina dungurar hoton kalandata: tafki a kan duwatsu, tsohuwar fada a tsibirin tsakiyarsa.

"Haba Kaka! Sarki ne ya gina ta a can, shekara ɗari bakwai baya, don mahara ba su da kwalekwale."

"Maigida, bokonka ƙarya ne."

Jikana Musaddiq ya miƙe yana huci. Ku rufa mini asiri, na haddace tarihin nan sarai. Amma a benenmu na Dengfeng, nan ƙasar Sin, daga gaisuwar "ni hao" ba mai ce mini komai, kuma ranar da na taɓa yarda da maganarsa, sati uku bai leƙo ni ba.

"Gobe zan zo miki da littafin!"

Ya fice, ya bugo ƙofa.