Tsohon Duba-gari da Tankin Ƙasa

Ka ce ai nufinka alheri ne. Na yarda, wallahi na yarda. Amma gyara zama in ba ka labarin wani tsohon duba-gari.

Mutumin nan ya ƙarar da ƙarfinsa yana bi gida-gida yana leƙa randa da kwata, har ya yi ritaya hancinsa bai daina farautar ƙazanta ba. Yana da ɗa namiji guda, wanda ya gama karatu ya ƙi aikin ofis, ya kama kiwon kifin ado a shagon ƙofar gida. Irin kifin nan ne masu faɗi kamar faifai, ja da shuɗi da ruwan goro, da ake ce wa diskas. Tsoho ya tsani sana'ar. Kifin da ba ya shiga miya, in ji shi, wasan yara ne. Ko ƙofar shagon ba ya kallo, kuma duk ran da ɗan ya ɗauko zancen, sai ya miƙe ya ce bari ya yi alwala. Shi kuwa ɗan, da akwatunan gilashinsa suka yi yawa har kula da kowanne ya fi ƙarfinsa, sai ya yi dabara. Ya haɗa su duka da bututu zuwa tanki guda a ƙasa, ya cika shi da soso da tsakuwa. Ruwan kowane akwati ya gangara can ya tacu, inji ya sake tura shi sama. Duk kifin shagon ruwa ɗaya suke sha.

Ana nan sai tafiya ta kama ɗan zuwa Ikko, kuma babu wanda zai bar wa shago sai uban. Ya durƙusa ya ce, "Baba, abinci kawai za a watsa musu safe da yamma." Tsoho ya karɓi makulli yana gunaguni. Da fari watsawa yake yi ya fice. Sai wata safiya idonsa ya faɗa kan wasu guda biyu, mace da namiji, 'ya'yansu ƙanana kamar ƙwayar gero sun lulluɓe musu jiki suna tsotso. In uwar ta gaji ta girgije, sai su koma kan uban, shi kuma ya tsaya cik ya bar su su ƙoshi. Tsoho ya jawo kujera ya zauna har shayinsa ya huce. Kunya ta rufe shi, ya tuna shekarun da ya yi yana gwasale yaron nan. To, ka san halin iyayenmu, a yanka su ba za su ce "na yi kuskure" ba. Sai ya ƙudura a ransa cewa abin da baki ya kasa, hannu zai faɗa.

Ya buɗe ƙyauren da ke ƙarƙashin akwatunan, ya yi arba da tankin. Subhanallahi! Soso ya rine, tsakuwa ta yi yauƙi, ga laka kwance a gindi. Da a zamanin aikinsa ne ya ga wannan a gidan wani, ai sai sammaci. Tausayi ya kama shi: ashe aiki ya yi wa yaro yawa, ba mataimaki. Ya naɗe hannun riga, ya kashe inji, ya kwashe komai ya dirje da garin sabulu, ya ɗauraye, ya shanya a rana. Ya mayar, ya cika tanki da ruwan famfo. Bayansa kamar ya karye, amma ransa fari tas.

Abin da bai sani ba, don bai taɓa tsayawa an gaya masa ba, yauƙin nan shi ne ran shagon. A cikinsa wasu ƙananan halittu suke zaune, ido ba ya ganinsu, su ne ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. Wata da watanni ɗan ya yi yana renonsu, ko wanki zai yi, a tsohon ruwan akwati yake ɗan matse soson ya mayar. Da kowane akwati da nasa soson ne, da sauran sun tsira. Amma tanki ɗaya ne. Washegari kifi suka yi baƙi, suka rakuɓe a lungu, wasu suka hau sama suna haki. Hankalin tsoho ya tashi, ya ce lallai da sauran datti, ya sake wankewa, bawan Allah. Haka ya yi ta tsamo su matattu da hannunsa yana salati, akwati bayan akwati, har ya zo kan masu 'ya'yan nan.

Da ɗan ya dawo, a ƙasa ya tarar da shi zaune, bokiti a gabansa. Tsoho ya kasa ɗago kai. Yana ji yaron ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ƙyauren ƙasa, ya ga soson ya yi fari ƙal. Sannan ya zo ya durƙusa, ya kama hannuwan uban da sabulu ya tsattsage, ya dube su. Ya ce, "Baba, sannu da aiki."

Wallahi da tsawa ya daka masa da ta fi sauƙi. Tsoho ya kifa kai a kafaɗar ɗansa ya fashe da kuka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.