Baitin da Baba Bai Sani Ba

Kafin Baba ya zo Riyad aikin tuƙi, su huɗu ne har da shi 'yan amshin wani mai bege a Zariya, Malam Ilu. Muryoyinsu sun cika kaset-kaset, amma ba a taɓa buga sunansu ba. Da Malam ya rasu, sai suka watse.

Wata la'asar, ina ƙarama, muna cikin motar kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, a unguwar Utaiƙa, rediyo a kashe. Baba ya rera amshi, ya yi shiru daidai tsawon baiti yana gyaɗa kai, ya sake amsawa. Na buɗe baki zan cike gurbin.

"Kul, Uwata," ya ce. "Ɗan amshi ba ya shiga bakin mai waƙa."

Ƙanshin almiski, turaren Malam, ya cika motar, alhali Baba ba ya shafa shi. Ya taka birki, ya waiga kujerar baya, inda babu kowa.

"Allah gafarta Malam," in ji Baba, "wannan baitin ba mu san shi ba. Maimaita."

Ya saurara, sannan ya amsa.

Baba ma ya rasu. Yau ni ke tuƙi a titin nan, kuma har yanzu nakan bar gurbin. Sai dai yanzu mutum biyu nake tsoron katsewa.