Mai Rufe Ƙofar Saba

Da safe na sake tarar da ƙofar sabar asibiti, babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, a buɗe. Halin manhajojin nan da muke kira kwantena ke nan: da an tayar da su, sai su huda wa kansu hanya a katangar tsaro, bayanan marasa lafiya su zauna a fili. Na mayar da dokar tsaron, na toshe.

Sabuwar injiniya ta shigo da manaja. Ta duba allo, ta juya wajen manaja.

"Ranka ya daɗe, yau ma an rufe. Da asusun Dogo."

"Ni ne mana," na ce. Ba wanda ya waiwayo.

Manaja ya dafa kujerata.

"Wane Dogon? Da hannuna fa na sa shi a kabari."