Sana'ar da Rumasa'u Ta Zaɓa

A wannan zamani an daina tambayar ɗalibi abin da yake so ya zama. Hular gwaji ake kifa masa, ya ɗanɗani wuni guda a kowace sana'a, sannan ya zaɓi ɗaya. In ya sa hannu kuwa, ba canji.

Rumasa'u, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ta yi likita, ta yi alƙalanci, ta tuƙa jirgin sama, duk ta iya. Sai dai ko'ina azahar ta riske ta, ita kaɗai ce gaban abinci, ba wanda za ta ce wa bismilla. Ita da ta tashi hannu biyar a kwano!

"Ke muke jira," in ji Malam Haladu mai kula da hular. "Makinki ya kai likita."

"Malam, babu sana'ar da ake cin abinci tare?"

Ya daɗe yana bin jerin sana'o'in har ƙasa. "Akwai sharar kasuwa. Su bakwai ne, kwanonsu ɗaya. Amma shekara biyu ta rage musu, 'yata, inji zai karɓa."

Ta miƙa masa hular.

"Shekara biyun ma ta isa, Malam. Rubuta."